Filin Tambaya da Amsa: Sunaye Huɗu a Jikin Rigar Gwanjo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kwanakin baya na sayi wata baƙar riga a wajen 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai. A gabanta akwai hoton mikiya cikin da'ira, ta riƙe sanda a ƙafa ɗaya da reshen itace a ɗayar, an rubuta RAMONES a sama, an kuma zagaye da'irar da sunaye huɗu: Johnny, Joey, Dee Dee da Tommy. Na ɗauka tambarin wata ƙungiyar wasanni ne, sai abokina ya ce mini makaɗa ne na Amurka, har ya ƙara da cewa duk sun mutu. Ina roƙon ka yi mini bayanin ko su wane ne, da abin da suka bari, da dalilin da ya sa har yau ake buga sunansu a riga.
*Daga wani ɗalibi a Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya. Ramones ƙungiyar makaɗa ce da ta tashi a 1974 a unguwar Forest Hills da ke yankin Queens na birnin New York, kuma mutum huɗun da ka karanta sunayensu su ne suka kafa ta, yau kuwa babu ko ɗaya daga cikinsu da ke raye. Ba su haɗa uwa ko uba ba, ba su ma haɗa dangi ba. Sunayensu na asali su ne John Cummings, da Jeffrey Hyman, da Douglas Colvin, da Thomas Erdelyi wanda aka haifa a Budapest ta ƙasar Hangare. Colvin ne ya fara kiran kansa Dee Dee Ramone, bayan ya ji cewa Paul McCartney na Beatles ya taɓa sakaya kansa da sunan Paul Ramon, sai sauran suka bi sahu, kowa ya liƙa Ramone a bayan sunansa kamar 'ya'yan gida ɗaya. Tambarin kuma aikin abokinsu ne Arturo Vega, mai zane ɗan asalin Meziko, wanda ya kwaikwayi hatimin shugaban Amurka, ya zare kibiyoyin da ke ƙafar mikiyar ya danƙa mata sandar wasan besbol, ya musanya reshen zaitun da na tuffa.

Kafin ka gane abin da suka yi, sai ka san abin da suka tarar. A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rok ya koma sana'ar manya masu hannu da shuni: waƙa ɗaya takan kai minti goma, mai jita yakan keɓe shi kaɗai yana nuna gwaninta har mai sauraro ya manta da waƙar, akan kuma shafe watanni a ɗakin ɗaukar sauti kafin faifai ɗaya ya fito. Yaron da ke saurare a ɗakinsa ya san wannan aiki ya fi ƙarfinsa. Ramones suka zo suka zubar da duk wannan ado, suka bar jita ɗaya, da jitar bas mai kaurin amo, da ganguna, da murya. Johnny yana kaɗa tsirkiyoyinsa daga sama zuwa ƙasa kawai, da sauri ba ƙaƙƙautawa, har amon ya riƙa fita kamar na injin yankan katako. Dee Dee ke ƙirga ɗaya zuwa huɗu da ƙarfi kafin kowace waƙa, kuma kafin jama'a su gama tafa wa wadda ta ƙare, ya riga ya ƙirgo ta gaba. Wasanninsu na farko a wata 'yar mashaya mai suna CBGB da ke titin Bowery, wadda suka fara hawa dandamalinta a watan Agustan 1974, ba su cika wuce minti ashirin ba. Wannan salo shi aka riƙa kira punk, kalmar da a bakin Amurkawa take nufin yaro ɗan tasha da ba a tsammanin wani abin kirki daga gare shi.

Faifansu na farko, wanda suka sa wa sunan ƙungiyar, an ɗauke shi a farkon 1976 a ɗakin Plaza Sound da ke ginin Radio City Music Hall, cikin mako guda, a kan dala 6,400, ƙarƙashin kulawar Craig Leon. Kamfanin Sire na Seymour Stein ya fitar da shi ranar 23 ga Afrilu na shekarar. Waƙoƙi 14 ne cikin minti 29, mafi tsawonsu da ƙyar ta ɗara minti biyu da rabi. A bangonsa akwai hoton da Roberta Bayley ta ɗauka: samari huɗu jingine da bangon bulo, da baƙaƙen rigunan fata, da yagaggun wandunan jins, da takalman kambas. Masu sharhi a jaridu sun yaba, amma masu saye ba su fito ba. Faifan ya tsaya a matsayi na 111 a jerin Billboard na faya-fayan da aka fi saye a Amurka, gidajen rediyon Amurka kuma suka kau da kai.

A Ingila aka fara jin nauyin abin. Ranar 4 ga Yulin 1976, ranar da Amurka ke bikin cika shekara 200 da ayyana 'yancinta daga Turawan Ingila, Ramones suna Landan suna wasa a zauren Roundhouse, washegari kuma suka yi a Dingwalls, inda suka haɗu da samarin Sex Pistols da na Clash, ƙungiyoyin punk biyu na Landan. Akan ce wai wannan zuwa ne ya haifi punk a Ingila, amma ni ina ganin an zarce da magana, domin Sex Pistols sun fara wasa tun 1975, su kansu Ramones kuma sun taso sun tarar da ƙungiyoyin Amurka irin su Stooges da MC5 da New York Dolls a gabansu. Abin da babu jayayya a kansa shi ne, faifan ya shiga hannun matasan Landan watanni kafin wata ƙungiyar punk ta can ta fitar da nata, ya nuna musu irin gudun da kiɗa zai iya yi, ya kuma nuna musu cewa mutum bai buƙatar shekara goma yana koyon jita kafin ya buɗe baki.

Cikin shekara biyu da rabi suka jera wasu uku a bayansa: *Leave Home* a Janairun 1977, *Rocket to Russia* a Nuwamban shekarar, sai *Road to Ruin* a Satumban 1978, wanda a kansa sabon ɗan ƙungiya, Marky Ramone, ya karɓi ganguna domin Tommy ya gaji da yawon wasa ya koma bayan na'ura. A wurina waɗannan huɗu su ne gadon, kuma *Rocket to Russia* shi ne zakaransu. Wanda ya saurare shi sau biyu ko uku zai ji abin da sauraron farko ke ɓoyewa, wato a ƙarƙashin wannan ruri akwai karin waƙa mai zaƙi irin na farkon shekarun 1960, na Beach Boys da ƙungiyoyin 'yan mata mawaƙa waɗanda Joey ya tashi yana ƙauna. Da yawa daga masu kwaikwayonsu sun ɗauki gudun sun bar wannan zaƙin, shi ya sa ake gajiya da nasu a minti biyar, na Ramones kuwa yana maƙale wa mutum a ka har washegari. Ka haɗa da *It's Alive*, wasan da aka ɗauka a zauren Rainbow na Landan daren 31 ga Disambar 1977, waƙoƙi 28 cikin ƙasa da awa ɗaya, kusan babu numfashi a tsakaninsu.

Ƙishirwar samun waƙar da rediyo za ta karɓa ce ta kai su hannun Phil Spector, mutumin da ya yi suna wajen tara kayan kiɗa bisa juna har sauti ya zama kamar katanga. Aikin ya zame musu azaba, domin mutanen da suka saba gama faifai cikin kwanaki sai ga shi ana sa Johnny ya maimaita bugu ɗaya na awoyi. Faifan, *End of the Century*, ya fito a 1980, ya ci kusan dala 200,000, ya kai matsayi na 44, wanda shi ne mafi girman da wani faifansu ya taɓa takawa a Amurka. Waƙar da ta fi karɓuwa a cikinsa, wadda ta kai ta 8 a Ingila, aro ce daga Ronettes, ɗaya daga ƙungiyoyin 'yan matan nan, an lulluɓe ta da gogen Turawa, ba ta yi kama da su ba ko kaɗan. Bayan haka faya-fayan sun riƙa hawa da sauka. Mafi ƙarfinsu shi ne *Too Tough to Die* na 1984, lokacin da Tommy ya dawo ya kula da ɗaukar sautin tare da injiniyan sauti Ed Stasium. Jimilla sun yi faya-fayan situdiyo 14, suka rufe da wasansu na 2,263 a Los Angeles ranar 6 ga Agustan 1996, watanni kaɗan bayan sun cika filin ƙwallon River Plate a Ajantina, inda ake tarbarsu kamar sarakuna alhali a gida ƙananan zaure suke zagayawa.

Amfanin gonar wasu ne suka girbe. Bad Brains, baƙaƙen makaɗan birnin Washington da suka ninka gudun punk, daga wata waƙar Ramones suka ɗauko sunansu. Faifan *Dookie* na ƙungiyar Green Day, wanda ya fito a 1994 bisa tubalin da Ramones suka aza, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. Bahaushe zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ko da yake a yi wa Green Day adalci, ba su taɓa ɓoye inda suka sha nono ba, su ne ma suka kaɗa waƙoƙin Ramones a bikin shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2002. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, faifan farkon nan bai cika kwafi 500,000, adadin da ake ba da shaidar zinare a kansa, ba sai a 2014, shekara 38 bayan fitowarsa. A lokacin Joey ya mutu tun 2001, Dee Dee 2002, Johnny 2004. Tommy kaɗai ya ga ranar, shi ma ya bi su a watan Yulin shekarar. Shekara guda kafin nan babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa faifan cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa. Rigarka shaida ce cewa tambarin ya yi tafiyar da faifan bai yi ba, tunda ga shi ya iso Ƙofar Wambai. Ka ba faifan minti 29 ɗin nan, ka san abin da kake sanye da shi.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce, kuma uwa. Ɗana mai shekara 17 ya kamu da son waɗannan makaɗa, shi ne ma da bakinsa ya gaya mini cewa suna da waƙa a kan shaƙar sholisho. Hankalina ya tashi, domin na ga abin da sholisho ya yi wa yara a unguwarmu. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, da wane dalili ake girmama su?
*Daga wata malama a Kaduna*

Amsa: Malama, Allah ya raya mana zuri'a. Gaskiya ɗanki ya faɗa miki, kuma ba zan sassauta maganar ba. A faifan farko akwai 'yar gajeriyar waƙa da Dee Dee ya rubuta a kan yaran da zaman banza ya ishe su har suka koma shaƙar gam, a na biyu kuma akwai wata a kan shaƙar wani ruwan goge tabo, wadda aka cire daga faifan jim kaɗan bayan fitowarsa domin sunan ruwan mallakar wani kamfani ne, aka mayar da ita a bugun 2001. Akwai waƙoƙi a kan taɓin hankali da asibitinsa, da tashin hankalin titi, har da wadda ta taɓo 'yan Nazi, abin da ya sa Seymour Stein, wanda Bayahude ne, ya matsa aka sauya wasu kalmominta kafin a fitar.

Masu kare su sukan ce raha ce irin ta zanen barkwanci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin Joey Bayahude ne, iyayen Tommy kuma sun tsira ne daga kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a Turai. Lokacin da Shugaba Ronald Reagan ya ziyarci maƙabartar sojoji ta Bitburg a Jamus a 1985, inda aka binne har da dakarun SS na 'yan Nazi, ƙungiyar ta fitar da waƙar suka mai zafi a kansa, duk da cewa Johnny, wanda ɗan ra'ayin riƙau ne mai son Reagan, bai so ba har sai da ya sa aka sauya mata suna a faifan 1986. Amma batun ƙwaya ba raha ba ne a rayuwar wanda ya rubuta waƙoƙin. Dee Dee ya faɗa shan hodar heroin tun yana saurayi, ya yi ta fama da ita shekara da shekaru, ita ce kuma ta kashe shi ranar 5 ga Yunin 2002 yana da shekara 50, ƙasa da wata uku bayan ya tsaya a gaban jama'a ya karɓi lambar karramawa. Shi ne ya fi kowa rubuta wa ƙungiyar waƙa, har bayan ya bar ta a 1989 bai daina aiko musu ba, kuma wanda ya bi waƙoƙinsa a jere zai ji mutum ne da ke ba da labarin ramin da yake ciki.

Girmamawar da ake yi musu ta aikin kiɗa ce da ƙofar da suka buɗe wa marasa gata, ba wanda ya san tarihinsu da zai ce a yi koyi da rayuwarsu. Ni a ganina, yaron da ya zo da kansa ya faɗa wa mahaifiyarsa abin da waƙar ke cewa yaro ne da har yanzu yake son a yi magana da shi. Ki zauna da shi ku saurari waƙar tare, ba ta kai minti biyu ba, ki sa ya fassara miki ita da bakinsa, sannan ki gaya masa yadda marubucinta ya ƙare da abin da idonki ya gani a unguwa. Ke kika san ɗanki, ke za ki yanke abin da ya dace da gidanki.

Tambaya: Yaya, ina aiki a wani ƙaramin situdiyo. Na saurari faifan Ramones na farko da abin sauraro na kunne, sai na ji jita a kunne ɗaya, bas a ɗayan, kamar an raba kiɗan gida biyu. Kuskure ne aka yi saboda ƙarancin kuɗi, ko kwafin da na samu ne ya lalace?
*Daga wani matashi a Jos*

Amsa: Ƙanena, kunnenka lafiya lau, kwafinka ma haka. Da gangan aka yi. Craig Leon da Tommy sun tura bas ɗin Dee Dee gefen hagu, jitar Johnny gefen dama, suka bar ganguna da murya a tsakiya, suna bin yadda aka raba sauti a faya-fayan Beatles na farko. Kada ƙarancin kuɗin ya ruɗe ka ka ɗauka ba a san aiki ba. Tommy ya taɓa zama mataimakin injiniya a ɗakin Record Plant, har ya sa hannu a aikin wani faifan shahararren mai jita Jimi Hendrix, kuma asalinsa ma manaja ya zo ya yi wa ƙungiyar. Da aka rasa mai gangan da zai iya bugun da yake nuna wa masu neman aikin, sai ya zauna a kujerar da kansa, domin Joey, wanda ya fara riƙe gangunan, ya riga ya koma waƙa. Saboda haka mutumin da ke riƙe da gudun kiɗan shi ne kuma ke tunanin yadda zai faɗa a tef.

Kwana uku aka yi ana ɗaukar kayan kiɗa, kwana huɗu ana ɗaukar murya. Wannan rabo kaɗai ya isa ya nuna maka inda suka sa hankalinsu. An ninka muryar Joey a wurare da dama don ta yi kauri, an sa ƙarar zarto mai inji a buɗe wata waƙa, a wata kuma Leon ya kaɗa babban ogan, wato abin kiɗa mai aiki da iska irin na coci, da ke ginin. Abin da ya sa kwana uku suka wadatar shi ne, sun shafe fiye da shekara suna kaɗa waɗannan waƙoƙi a gaban jama'a kafin su shiga ɗakin, suna da kusan talatin a hannu, har Johnny ya ce sun riƙa ɗaukarsu ne bisa jerin yadda aka rubuta su, na farko a faifan farko, na baya a na biyu.

A bugun cika shekara 40 da aka fitar a 2016, Leon ya koma kan tef ɗin asali ya haɗa wani sabon gauraye wanda komai ke fitowa ta tsakiya, ba hagu ba dama. Wannan ya fi naushi a lasifika, kuma shi zan ba wanda ke son jin daɗin faifan kawai. Kai kuwa da ke koyon sana'a, na asalin ya fi maka amfani. Ka cire kunnen dama ka saurari Dee Dee da Tommy su kaɗai daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, ka lura da yadda bas ɗin ke manne da tushen kowane bugu ba ya yawo. Sannan ka mayar, ka cire na hagu, ka bi hannun Johnny, ka gwada buga tafinka a cinya daidai da shi daga sama zuwa ƙasa na minti biyu cur ba tare da ka sassauta ba. In ka gama da wannan, ka ɗora *Rocket to Russia*, inda Ed Stasium ya zauna a kan na'ura, ka ji yadda makaɗan nan huɗu suka fito bayan shekara ɗaya da rabi da aka ninka jitar aka baza ta a kunnuwa biyu.